Shekarar da Kaka Ta Daina Tsoron Tsuntsu

Wata Laraba ce ta watan Oktoba na shekarar 1995, ranar da babu lekol, wato makaranta, na fito daga ɗakina da safe na tarar da kakata a balkon ɗinmu, ƴar barandar gidanmu da ke hawa na takwas, ta ci ɗamara, tsintsiya a hannu, tana faɗa da tantabaru. Tantabarun Rillieux, unguwarmu da ke gefen birnin Lyon, ba su san tsoro ba. Idan ta kai musu duka sai su tashi, su zagaya bayan bene, su dawo su sauka a kan igiyar shanyar Mama, ita kuwa tana bin su da tsintsiya da a'uzubillahi. Da ta gaji sai ta shigo ta rufe ƙofar gilashi, ta bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya tana rufewa, ta sauke labule, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Kwana ɗaya ke nan da aka sallamo Mama daga asibiti da ƙanena, kwanansa huɗu a duniya, ko suna bai samu ba. "Har sai ya yi bakwai," in ji Kaka, "iska ba ta shiga gidan nan, inuwar tsuntsu ba ta gifta shi."

Shekarata goma a lokacin. An haife ni a Damagaram, amma ina da shekara biyu Baba ya kawo mu Faransa, inda yake aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons. Wani mako ya fita da asuba, wani mako da rana, kuma kullum rigarsa tana dawowa da wani wari da sabulu ba ya fitarwa. Duniyata ba ta wuce benenmu da filin da ke gabansa ba. A filin nan muke wasan tsallake roba ni da ƙawayena ƴan Aljeriya da ƴan Komoro, biyu su tsaya da robar a ƙafa, ta uku tana tsalle, ana ɗaga ta daga idon sawu zuwa gwiwa zuwa ƙugu har sai wata ta harɗe. Muna zana gidajen ƴar gala-gala da allin da muka ɗebo daga aji, muna tseren hawa matakala da asansar, injin nan mai hawa da mutane bene, wanda rabin shekara a lalace yake. Aikina a gida shi ne sayo burodi, da sauke shara, da wanke kofuna, da kuma wanda ya fi su duka nauyi, wato zama bakin Mama. Tana jin Faransanci, amma idan ta tsaya gaban Bature sai harshenta ya yi nauyi, don haka ni ce mai karanta wasiƙu, ni ce mai yi wa likita bayani. Shekara goma Mama ba ta sake haihuwa ba bayan ni, shi ya sa da cikin nan ya tsaya, Baba ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka ba Kaka izinin zuwa wankan jego.

Sunanta Habsu, mahaifiyar Mama ce, kuma ungozoma ce da aka sani a unguwarsu. Ni da Baba muka hau jirgin ƙasa muka je Paris tarbarta. Ta fito daga filin jirgi a cikin rigar sanyin wani, hannayen rigar sun rufe mata yatsu, tana jan jaka mai nauyin mutum. A cikin jakar akwai gero, da kanwa, da kuka, da daddawa, da busasshen ganyen dogon yaro na wanka, da kilishin da ta naɗe a cikin zannuwa. Tun daga Paris har Lyon tana kallon gonaki ta taga tana tambayar ina mutanen ƙasar nan suka tafi, ga gona ba manomi. Cikin mako guda ta karɓe gidan. Ta koya mini tankaɗe, ta koya mini dama kunun kanwa ba tare da ya yi gudaji ba, ta ce ƴar da ba ta iya tsugunno ba ba ta gama zama mutum ba. Ran Asabar mukan shiga bas mu gangara Guillotière sayen kuɓewa da tattasai, ta yi ta taya kaya da Hausa a gaban Balarabe, ni ina fassarawa ina rage zafin maganar.

Abin da take tsoro, ta faɗa mini shi muna gyaran shinkafa. A Damagaram suna ce masa ciwon tsuntsu. Jariri zai zo lafiya, ya yi kuka, ya kama nono, sai a kwana na biyar ko na shida ya ƙi tsotso. Bakinsa ya ƙulle kamar an sa kwaɗo, fuskarsa ta tattare kamar mai murmushi, ya dunƙule hannu, bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Kafin ranar suna an kai shi. Tsofaffi sun ce wani tsuntsu ne yake ratsa sararin gida, idan inuwarsa ta faɗa kan jariri shi ke nan. Don haka ake rufe ɗaki, a ajiye wuƙa a wajen kan yaro, a yi turare, a ɗaura laya. Idan ya riga ya kamu sai a kira wanzami ya yi tsaga, a ƙona gashin tsuntsu a kara masa hayaƙin. Na tambaye ta ko ana warkewa. Ta daɗe tana tsince tsakuwa kafin ta ce, a iya saninta, bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ita kanta uku ta binne daga cikin nata.

Akwai kuma cibiya. A asibiti sun maƙala wa ƙanena wani abin roba mai kama da maƙalin shanya, sun ba Mama wani jan magani da auduga, sun ce a bar wurin ya bushe. Kaka ta dubi wannan abu ta ce ba a taɓa yi ba. Cibiya ƙofa ce, in ji ta, kuma ba a barin ƙofa a buɗe. Ta zo da ƙullinta tun daga gida, wanda ta gada daga uwarta: toka, da ƙasar gindin randa, da wani garin saiwa, ana kwaɓawa da man shanu a shafe wurin. Mama ta san abin da aka gaya mata a asibiti, amma ba ta taɓa ce wa mahaifiyarta a'a ba tun da aka haife ta. Sai ta yi ta kawo uzuri, yaro yana barci, a bari a yi masa wanka tukuna, a bari Baba ya dawo. Da azahar ta Larabar nan uzuri ya ƙare. Kaka ta kwance ƙullin a kan tebur, ta ɗora cokali da man shanu a kan wuta, sai aka buga ƙararrawar ƙofa.

Madam Odile ce, ungozomar asibitin mata da yara na unguwarmu, wadda take bin gidajen masu jego. Dattijuwa ce mai furfura, gajera, tana haki saboda ta hawo hawa takwas da ƙafa. Ta shigo ta ji gidan a toshe, ta ga ƙullin a buɗe, ta ga cokalin, ta kalli Mama da ta sunkuyar da kai. Na yi zaton za ta yi faɗa kamar yadda malamanmu suke yi. Sai kawai ta cire takalmi, ta wanke hannu, ta duba yaron, sannan ta jawo kujera ta zauna daf da Kaka, ta ce mini in tambaye ta mene ne wannan, kuma yaya ake yi da shi. Da Kaka ta ji ana tambayar ta sana'arta, sai ta gyara zama ta yi bayani tiryan-tiryan, har da tsuntsun. Madam Odile ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

Sannan ta ba da nata labarin, ni ina juyawa jimla bayan jimla. Ta ce a ƙauyen da aka haife ta, can cikin duwatsu, kakarta ma ta san ciwon nan, amma su ba tsuntsu suke zargi ba, sanyin iska suke zargi. Su ma rufe tagogi suke yi, su ma toka suke shafawa, har da saƙar gizo-gizo, kuma kakarta ma ta binne nata. Ta ce ko manyan likitocin da, masu rubuta littattafai, sun daɗe suna lalube. Wani ya ce iskar teku ce, wani ya ce hayaƙin murhu ne, wani ya ce nonon uwa ne ya lalace, wani ya ce matse yaro da zani ne. Sun yi ta ba jarirai maganin sa barci, sun tsoma su a ruwan ɗumi, sun zubar musu da jini, yara suna ta mutuwa a hannunsu. Sai daga baya aka gano wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, mai zama a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tetanos suke ce wa ciwon.

Kaka ta ce, "To, ki tambaye ta, ta ina abin yake shiga jikin yaro?"

Madam Odile ta amsa a hankali, ta ce ta cibiya yake shiga, ta wuƙar da aka yanke ta da ita, da kuma abin da aka shafa mata. Na ji maganar sarai. Ina ƙarama, amma na fahimci abin da ake so in ɗora wa tsohuwar nan. Na fara neman wata hanyar da zan kewaya, yadda nake yi a kasuwa. Sai Mama ta ɗago kai ta ce, "Zainabu, faɗa mata yadda aka faɗa." Na faɗa.

Kaka ta miƙo hannunta na dama ta nuna ni da shi. "Da hannun nan na yanke cibiyarki, da ƙullin nan na shafe ta. Ga ki nan tsaye kina mini Turanci." Madam Odile ta ce gaskiya ne, ba kowane yaro yake kamuwa ba, kamar yadda ba kowa da ya taka ƙaya take karyewa a ƙafarsa ba. Sai Kaka ta juya wajen Mama, muryarta ta sauka ƙasa, ta ce, "Ke nan shi ma yaron, ni ce?" Mama ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na tsaya ina raba ido, don ban san wane yaro ake nufi ba. A ranar na san cewa ina da wa, an haife shi shekara biyu kafin ni, ya rasu yana da kwana shida. A ranar kuma na gane dalilin da ya sa Mama take kiran sunana gatsau, alhali uwayen sauran ƴan fari na mutanenmu ba sa kama sunan nasu.

Madam Odile ba ta ji Hausar ba, amma ta ga fuskoki. Ta tambaye ni me aka ce, na gaya mata. Ta kamo hannun Kaka, hannun da ta nuna ni da shi, ta riƙe da nata biyu. Ta ce, "Ki ce mata ba ita ba ce. Ta yi abin da aka koya mata ne da zuciya ɗaya, kamar kakata. Ki ce mata wannan yaron yana da kariya, don an yi wa uwarsa allura tun yana ciki. Abin da nake roƙo kawai, kada a sa komai a wurin." Kaka ta zare hannunta, ta ɗaure ƙullin, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Ran Alhamis ba ta yi magana da kowa ba. Ta yi wa Mama wankan jego kamar kullum, ta tafasa ruwa a manyan tukwane biyu, ta watsa mata da ganye a cikin bahon wanka, ta dama kunu, amma ba ta ci komai ba, kuma ba ta taɓa jaririn ba. A lekol ban ji ko kalma ɗaya daga bakin malamarmu ba. A lokacin shan iska na zauna a gindin bango ina kallon ƙawayena suna tsalle, ina jin kamar ni na kashe wani da bakina. Baba ya ce a ƙyale ta, tsoho ba ya juyawa da sauri, kamar babbar mota yake.

Ran Juma'a da na taso da yamma na tarar da ita a bakin ƙofar bene, a ƙasa, ta sa rigar sanyinta, ta yafa gyale. Ita kaɗai ta sauko, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in ajiye jaka in kai ta wajen matar nan. A hanya ta gaya mini abin da ta yini biyu tana juyawa. Ta ce a unguwarsu akwai gidan maƙera, gida babba mai mata da yawa, kuma tun tana yarinya ake cewa tsuntsu yana tsoron gidan nan, don da wuya ka ji ya ɗauki ɗansu. Mutane suna cewa asirin ƙarfe ne. To amma ita ta sha karɓar haihuwa a gidan, ta san al'adarsu: ba su yarda a yanke cibiya da askar ungozoma ko ɓawon kara ba, sai da wuƙarsu, kuma sai an sa ta a wutar maƙera ta yi ja ta huce. Ba sa shafa komai, gashi kawai suke yi da tsumma mai zafi. "Shekara arba'in abin yana gabana," in ji ta, "ina kallon sama."

Madam Odile tana shirin tashi muka shiga asibitin. Da na fassara mata labarin maƙera, sai ta ajiye jakarta ta tafa hannu, ta kira wata abokiyar aikinta ta ce in maimaita. Kaka ba ta tsaya jin yabo ba. Ta ce ita ba ta zo hira ba, a nuna mata aikin daga farko har ƙarshe. Aka ɗauko ƴar tsanar roba da suke koyar da masu ciki da ita, aka ɗaura mata igiya a ciki. Madam Odile ta nuna mata wankin hannu da sabulu har gwiwar hannu, da goge ƙarƙashin farce, da tafasa zare da almakashi, da amfani da sabuwar reza idan babu almakashi, da shimfiɗa wankakken zani maimakon haihuwa a kan ƙasa, da barin cibiya ta bushe da kanta. Ta ce mafi girma duka ita ce allurar masu ciki. Kaka ta gwada ɗaurin cibiyar a jikin ƴar tsanar sau ɗaya, ta ce a kwance, ta sake, ta sake, har hannunta ya riƙe. Madam Odile ta kalli yadda take ƙulla zare da yatsu uku, ta ce wannan ƙullin ya fi nata, a koya mata, sai ga tsofaffi biyu sun haɗa kai a kan ƴar tsana suna gardama da hannu, sun manta da ni. Da za mu tafi Kaka ta naɗe hannun riga ta ce ita ma a yi mata allurar, don idan za ta ce wa mata ba ta kisa, ta faɗa da bakin wadda ta ɗanɗana. Mako na gaba likita ya yi mata.

Ran Asabar aka yi suna. Tun da hantsi gidanmu ya cika, mutanen Maradi da na Tawa da ke aiki tare da Baba, da ɗalibai ƴan Najeriya biyu da suka ji labari a masallaci, takalma sun cika matakala har hawa na bakwai. Liman ya raɗa wa yaro Sulaimanu. Yana cikin tsotso aka faɗi sunan, ko ɗagowa bai yi ba. Kaka ta bi tagogin da ta rufe ta buɗe su da hannunta, ta fita balkon ta rangaɗa guɗa da ta ratsa unguwar, har matan benen da ke fuskantarmu suka leƙo, wata ƴar Maroko ta amsa mata da tata. Ta karɓi jaririn daga hannun Mama, ta ɗaga shi sama tana ce masa angonta, tana yi masa tsiyar ya zo ba ko sadaki. Madam Odile ta zo da rana, aka zaunar da ita a tabarma, ta ci tuwo da miyar kuka da hannu, tana hawayen yaji tana neman ƙari. Bayan kwana uku cibiyar ta faɗi da kanta, a bushe, wurin tsaf.

Wata uku Kaka ta yi ta koma. A jakar da ta kawo gero ta zuba almakashi biyu, da ƴar tukunyar tafasa su, da sabulai, da fakitin reza. Daga nan labarinta a kaset yake zuwa mana, idan wani zai taho. Mukan zauna mu kewaye rediyo mu ji muryarta, da kukan awaki a bayanta. Ta ce sauran ungozomomi sun yi mata dariya, sun ce Habsu ta je ƙasar Nasara ta dawo da tukunya. Ta ce ta daina karɓar haihuwar duk wadda ba ta nuna mata katin allura ba, ran awo kuma ita take tasa su gaba har asibiti kamar mai kora garke. Wani maigida ya hana matarsa, ta je ta zauna a ƙofar gidansa tun safe, tana nuna wa duk mai wucewa damtsenta inda aka yi mata allura, har ya gaji ya ce a tafi da ita. A wani kaset, bayan wasu shekaru, ta ce biyu daga cikin masu dariyar sun zo aron tukunya.

Ban sake ganin ta ba. Sai bayan rasuwarta na je Damagaram, ina da aure da ɗiya a goye. Da aka ji jikar Habsu ta zo, mata suka yi ta shigowa gaisuwa, kowace da ayarinta. Wata ta jera mini ƴaƴanta shida a tsakar gida daga babba zuwa ƙarami, ta ce biyun da ta fara haifa ba su kai suna ba, waɗannan kuwa duk a hannun kakata suka faɗo, ta sa su gaishe ni ɗaya bayan ɗaya. Yanzu Sulaimanu ya fi Baba tsawo, shi ma ya zama uba. Matarsa a waya take duba duk abin da ya shige mata duhu, amsa tana zuwa kafin ta gama tambaya, kuma ƴaƴanmu ba su taɓa jin sunan ciwon nan ba, balle su ji tsoronsa. Na gode wa Allah da haka. Amma wani lokaci nakan so su ga yadda sani yake zuwa da tsada, su ga tsohuwar da aka gaya wa magana mafi ɗaci a rayuwarta, ta kwana biyu da ita, sannan ta yafa gyale ta je ta ce a koya mata. Ta girme ni da shekara hamsin da wani abu, amma har yau ban kamo ta a ƙarfin hali ba.